Ba a Zuwa da Goyo

Dogon hutun makaranta a Nijar yana farawa ne wajen ƙarshen Yuni, ba a komawa aji sai Oktoba ta kama. Daga Faransa muka gaji wannan tsari, kuma a can Turai aka raya al'adar kwasar yara a kai su sansanin hutu. Wani limamin coci na birnin Zurik a ƙasar Suwizalan, Walter Bion, shi ake jingina wa asalin abin. A 1876 ya kwashi ƴaƴan talakawan birni ya hau da su duwatsun Appenzell don su shaƙi iska mai kyau, su ci su ƙoshi. Damuwarsa a fili take: an rufe makaranta, iyaye suna masana'anta, ba gona ba dabba, yara sai zaman lungu da tari. Yaron da aka ƙirƙiro wa sansanin hutu yaro ne wanda ba shi da abin yi.

A Kornaka babu irin wannan yaro a watan Agusta. Ni da aka binne cibiyata a garin ya kamata in fi kowa sanin haka, amma shekarun da na yi ina koyarwa a Maraɗi sun sa na fara kallon damina daga bakin taga. A daminar 2022 na shirya wa ƙananan yara sansanin hutu a gida, kuma a cikinsa na yi abin da har yau nake jin kunyarsa.

Niyyar ba ta da aibi, don duk malamin firamare ya san Oktoba. Yaron da ya bar ajin CI, wato ajin farko na firamare, a watan Yuni yana gane baƙaƙe, sai ya dawo bayan wata uku ya tsaya yana kallon allo bai san inda zai kama ba. Binciken PASEC na 2014, wanda ya gwada ɗaliban firamare a ƙasashe 10 na Afirka masu aiki da Faransanci, ya nuna fiye da tara cikin goma na yaranmu da ke ajin ƙarshe ba su kai matakin karatun da ake bukata ba. Na 2019 ya nuna an ɗan matsa gaba, amma da sauran tafiya. Kuma Kornaka ba baƙuwar boko ba ce. Tana kan hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta bi ta Tibiri ta nufi Dakoro, a ƙasar jigawa kusa da Gulbin Kaba, kuma ita ce fadar sarkin kanton da ya haɗa ƙananan hukumomi 5: Kornaka, Sabon Mashi, Maiyara, Ɗan Gulbi da Ajekoriya. Marigayi Sanusi Tambari Jaku, masanin tattalin arziki kuma ɗan siyasa, ɗan gidan sarautar garin ne. Mu ƴan gari da ke aiki a Maraɗi da Yamai muna alfahari da wannan, shi ya sa da na kawo shawarar ba a yi gardama ba. Kowa ya sa hannu a aljihu, wani jikka biyar, wani jikka goma.

Tsarin kuwa daga wani littafin Faransanci na kwafo shi, wanda na tsinta wajen masu sayar da tsofaffin littattafai a Yamai. Kowane mako da jigonsa: makon teku, makon ɓarayin teku, makon taurari, makon manyan dabbobin da suka shuɗe tun kafin ɗan Adam. A kowane jigo akwai hoton da za a shafa wa launi, da waƙa, da wasa, da hular takarda. Abin dariya, jigon dabbobin nan kaɗai ne namu, ni kuma ban lura ba a lokacin. A Gadufawa, cikin hamadar jihar Agadas, aka tono ƙasusuwan irin waɗannan dabbobi, har wani Ba'amurke mai bincike, Paul Sereno, ya raɗa wa ɗaya sunan ƙasarmu a 1999, wato Nigersaurus, kuma ana ganin ƙwarangwal ɗin irinsu a gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai. Ni kuwa na shirya koyar da su a matsayin kayan Turawa.

Na yi shawara, ko dai na ɗauka na yi. Na ga daraktan wata makaranta ya ba ni aron aji na siminti. Na gaida manya a fada. Na zauna da dattawa a inuwa bayan sallar Juma'a, kowa ya sa albarka. A duk waɗanda na tuntuɓa babu mace ko ɗaya.

Sai na rubuta dokoki a kwali, da Faransanci, na manna a ƙofar aji: daga ƙarfe 8 zuwa 12, yara ƴan shekara 5 zuwa 8, kowa ya zo da wanka, kuma ba a zuwa da ƙane ko ƙanwa. Littafin ya ce jarirai suna raba hankalin aji. Na yarda da littafin.

Ranar da aka buɗe, filin makaranta ya cika tun kafin in iso. Labari ya zaga gari cewa Mushe, kamar yadda ake kiran malamin boko irina, ya zo da balan-balan da fensir mai launi da riguna masu rubutu a ƙirji. Na tsaya a bakin ƙofa ina shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Cikin layin akwai wata yarinya da ba za ta wuce shekara bakwai ba, an yi mata sabon kitso, ta shafa mai har goshinta yana ƙyalli. A bayanta akwai ƙanenta, ta ɗaure shi da tsohon zane, ƙafafunsa suna lilo har kusan gwiwarta. Ta riga ta iya tsayuwar masu goyo, ta ɗan ranƙwafa gaba, hannu ɗaya a ƙarƙashinsa. Da ta iso gabana na tare ƙofa da hannu.

Ta ce, "Mushe, barci yake. Ba ya kuka."

Na ce, "Ba a zuwa da goyo. Je ki ajiye shi ki dawo."

Ta leƙa cikin aji ta ƙarƙashin hannuna, ta ga balan-balan a rataye, ta juya. Ba ita kaɗai na mayar ba ran nan; duk mai goyo haka na yi mata, kuma dukansu mata ne in ban da wani yaro guda. Ita dai na tuna ta ne saboda ba a daɗe ba sai ga ta ta dawo a guje, bayanta wayam. Na yi mata murmushi, na ce ga yarinya mai son karatu, na ba ta kujera a gaba.

Washegari ba ta zo ba. Kafin makon teku ya ƙare aji ya fara zubewa. Ƴan mata ne suka fara ɗaukewa, sai ƴaƴan manoma maza. Waɗanda suka rage ƴaƴan ma'aikata ne da na ƴan kasuwa, wato yaran da tun farko suke da littafi a gida. Su ma da hantsi ya yi sai ka ga kawuna a kan tebur. Na fassara abin yadda ya fi mini daɗi: iyaye ba su san darajar ilimi ba, yara kuma ragwaye ne. Ban bar shi a ciki ba. A wani taron suna, cikin maza, na ɗaga murya na ce mun kawo wa mutane alheri har gida kyauta sun juya masa baya, na ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, na ce jahilci ne ke kashe ƙasar nan. Ba wanda ya tanka. Aka raba goro aka watse.

Da dare Gwaggo ta aiko a kira ni. Ƙanwar mahaifina ce, kuma tunda sunan mahaifinta aka sa mini, ba ta taɓa faɗin sunana ba.

Ta ce, "Mai sunan Baba, an ce yau ka yi wa gari wa'azi."

Na fara bayani, ta ɗaga hannu. Ta ce in gaya mata, da ƙarfe takwas ɗin nan nawa, ina uwar yaro take. Na ce tana gida. Ta yi dariyar da ba ta daɗi ba, sa'an nan ta bi da ni safiyar Agusta daki-daki, abin da na tashi a cikinsa na manta. Mace ta tashi tun asuba ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta dama fura. Maigida da manyan yara sun riga sun saɓi hauya sun tafi gandu. Ita ma za ta bi su da ƙwaryar fura, ta kama musu aiki, in ta samu sarari ta wuce gamanarta, ƴar gonar da take shuka gujiya ko wake ko hatsi, wadda da ita za ta sayi sabulu da gishiri da zanen sallar ƴaƴanta, da ita kuma za ta yi biki. Mai rarrafe ba ya zuwa gona, sai a bar shi wa yayarsa. Awaki kuma a turke suke tun da aka yi shuka, don in akuya ta faɗa gonar wani sai an biya ɓarna. To wa zai yanko musu ciyawa? Yaro ɗan shekara bakwai. Ta ce a gidan manomi a watan marka ba hannun da ba a lissafa da shi ba, har na ɗan shekara shida.

"Ka shiga rumbun mutane ka ɗebi hatsinsu ka dama musu fura," in ji ta, "kana tsaye kana jiran godiya."

Sai ta gaya mini abin da duk gari ya sani ban da ni. Yarinyar nan da na yaba wa son karatu, da ta koma gida ba kowa sai kakarta, tsohuwar da idonta ya yi rauni. Ta sauke mata yaron ta rugo. Yaron ya farka, ya rarrafa ya nufi murhu, ya dafa tokar da ke da garwashi a ƙasa. Tafin hannunsa ya ƙone. Uwar ta dawo daga gona ta tarar da gida a cike da mata. Aka yi wa yarinyar dukan da ba a taɓa yi mata ba. Kwanakin da suka biyo baya uwar tana likita ana wankin ciwo, daidai lokacin maimai, ciyawa kuwa ba ta jiran kowa. Gamanarta ta shekarar ta tafi.

Na tambayi Gwaggo me ya sa ba wanda ya gaya mini. Ta ce, "Wa zai gaya wa Mushe? Kai ne mai ilimi."

Da safe ta raka ni gidan. Na riƙe sabulu da sukari, ina jin su sun yi mini ƙanƙanta a hannu. Maigidan ya tarbe ni a zaure da mutunci, ya ce in shiga, ai ni ɗan gida ne. Na durƙusa na gaida matar, na ce ni na kori yarinyar, ni na ce ta ajiye yaron, laifin ba nata ba ne. Ta ce, "Ba komai, Mushe. Abin da Allah ya rubuta ne." Na ce zan biya ƴan ƙwadago su nome mata gamana. Ta ce an gode, amma lokaci ya riga ya wuce, ko an nome yanzu wahalar banza ce. Yaron yana cinyarta, hannu a naɗe da bandeji. Yarinyar tana bayan ɗaki, ba ta fito ba, ni ma ban nemi a fito da ita ba. Hannun ya warke daga baya, da tabo.

Akwai hanyar da mutum zai bi ya wanke kansa a nan, kuma na gwada ta. Sai ya ce ai bai kamata a ɗora wa ƴar shekara bakwai raino ba tun farko. Gaskiya ne, kuma har yanzu a kan haka nake. Rainon nan da tallan da ke biye da shi suna cikin abubuwan da ke cire ƴan mata daga lakwal tun ba su gama firamare ba, a ƙasar da kusan uku cikin huɗu na mata ake aurar da su kafin su cika shekara 18. Ba ni cikin masu yi wa wahalar ƙauye kirari. Amma dokar da na manna a ƙofa ba ta sauke wa kowace yarinya goyo ba. Ta dai sa ta zaɓa tsakanin ƙanenta da balan-balan, ita da ba ta kai shekarun zaɓi ba. Wadda ta zaɓi ƙanenta ta rasa aji. Wadda ta zaɓi aji, ga abin da ya same ta. Sansanin da na ce na ƴaƴan talakawa ne, da hannuna na tace shi har ya zama na waɗanda suke da mai yi musu raino.

Barcin hantsi ma ba ragwanci ba ne. Daminar 2021 ba ta yi kyau ba, rumbuna sun ƙare da wuri, kuma ƙididdigar hukuma da ƙungiyoyin agaji ta nuna mutum miliyan 4.4 a Nijar ne za su bukaci taimakon abinci tsakanin Yuni da Agustan 2022. Na karanta wannan adadi a Maraɗi, na girgiza kai, sa'an nan na kashe kuɗin ƴan gari a kan riguna masu rubutu ban ware ko dala ba don kunu. Wasu yaran kuma zazzaɓi ne a jikinsu. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana bayarwa wata-wata daga Yuli zuwa Oktoba na ƴan wata 3 ne zuwa ƙasa da shekara 5. Nawa duk sun haura wannan, ga shi tsakiyar marka. Da na taɓa goshin ko ɗaya da na sani.

Na je wajen malamin makarantar allon unguwarmu, wanda a gabansa ni ma na yi karatu. Na ce, "Allah gafarta Malam, an ce na shiga lokacinka." Ya ce shi bai hana kowa zuwa ba, amma yaron da ya tashi daga karatun safe ya wuce wajena, yaushe zai karya, yaushe zai yi ciyawa? Ya ce da na zo tun farko da ya tuna mini cewa allo yana hutawa daga yammacin Laraba har bayan Juma'a. Wannan ma na sani. Na yi wasan Alhamis a lungunan nan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hanyar tambaya tana nan a shimfiɗe, ba sai na ƙirƙiro ta ba. Tun 2004, lokacin da aka fara shirin makaranta ta kowa a jihar Tawa da tallafin hukumar JICA ta Japan, aka raya kwamitocin kula da makarantu da jama'a ke zaɓa, inda ake tara gari a tsara abin da za a yi, kuma tsarin ya bazu ƙasa baki ɗaya. Akwai kuma ƙungiyoyin uwayen ɗalibai. Na sha zama a irin waɗannan tarurruka a wurin aikina, har ina yi wa sababbin malamai bayanin amfaninsu. Da abin ya zo kan garinmu sai na ga ai ni ɗan gida ne, me zan tambaya?

Na rufe sansanin kafin a kai makon taurari.

Da damina ta zagayo a 2023 ban yi niyyar sake taɓa abin ba. Shugabar uwayen ɗalibai ce ta aiko Gwaggo ta ce, kayan launin nan da suka rage, ruɓewa za su yi a akwati? Muka zauna a tsakar gidanta, mata sun fi yawa, ni ina gefe da takarda. Su suka yanka lokaci. Ba za a fara ba sai an gama maimai, lokacin da hatsi ya fara fitar da kai, aiki ya lafa kafin girbi. Ranakun da allo ke hutawa kawai, kuma da rana bayan mata sun dawo daga gona. Goyo kuwa a zo da shi. Tsofaffi biyu za su shimfiɗa tabarmi a gindin bishiya kusa da aji su riƙe jarirai, a riƙa auna musu hatsi. Na kawo shawarar a kafa rumfar zana don inuwa, suka ƙi baki ɗaya. Ba wadda ta manta gobarar 8 ga Nuwamba 2021, da ta cinye azuzuwan zana a wata makarantar firamare a Maraɗi ta kashe yara fiye da 20, wadda bayanta gwamnati ta hana sa ƴan jardan, wato yaran da ba su kai firamare ba, a irin waɗannan azuzuwa. Kunun ma suka ce a gida za a dama shi a kawo, wuta ba za ta kusanci inda yara suke ba. Shekarar ce aka rufe iyaka da Najeriya bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kaya suka yi tsada, kuɗin ƴan gari bai kai na bara ba. Mata suka haɗa hatsi tiya-tiya, mu muka sayi sukari da tsamiya.

Tunanin bai wa kowane mako jigonsa na riƙe shi, don yana da kyau. Ƙaramin yaro yana son a daɗe a kan abu guda ana juya shi. Jigogin ne suka sauya.

Makon kasuwa ya fi koya mini abu. Akwai wata mai tallan dafaffiyar gujiya, wadda in ka rubuta mata 100 a cire 75 a allo sai ta sunkuyar da kai. Na ce mata, na sayi ƙulli uku na dala biyar-biyar, na ba ki dala ashirin, nawa ne canjina? Kafin in rufe baki ta ce dala biyar, tana kallona da mamakin yadda babba zai yi irin wannan tambaya. Lissafin yana kanta, da dala take yinsa, makaranta kuma da faran take tambaya. Sai muka zube tsabar kuɗi a tabarma. Kowa ya ɗora takarda a kan tsaba ya goga fensir har lambar ta fito. Wannan me ake ce mata? Dala biyu. Me aka rubuta a kanta? 10. Wannan fa? Dala biyar, an rubuta 25. Dala goma, 50. Dala ashirin, 100. Na yi shiru na bar su da abin. Can wani yaro mai wushirya ya ce, "Mushe, kowace dala biyar ce a ciki!" Aji ya kaure. Jadawalin ninkin biyar da nake shan wahalar sa ƴan CE1, wato aji uku, su haddace, ga shi ƴan CP, wato aji biyu, sun tono shi da kansu daga aljihun uwayensu. Ragowar makon shago muka buɗe, da duwatsu a matsayin ƙosai, kowa ya sayar, kowa ya rubuta cinikinsa da lambobi.

Makon gawo wani dattijo manomi ne ya ja shi, ni ina biye. Ya kai su bakin gonarsa ya ce su dubi bishiyoyi su faɗi wadda ta bambanta. Kowace ta yi kore shar, gawo kaɗai ya zubar da ganye, don shi da rani yake tohowa. Ya ce to su dubi hatsin da ke gindinsa. Muka ba kowane yaro kara, suka auna tsawon hatsin gindin gawo da na nesa da shi, suka yi ta gardama a kan wa ya auna daidai, wanda shi ne farkon sanin amfanin ma'auni guda. Sa'an nan ya durƙusa a gaban wani kututturen kalgo da ya yi toho, ya nuna musu yadda ake zaɓen ƴan rassa masu ƙarfi a bari, a sare sauran, har kututture ya koma bishiya. Sassaɓen zamani ke nan, wanda Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ya yi aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya fara yaɗawa tare da manoma a shekarun 1980, kuma aka ƙiyasta ya dawo da bishiyoyi kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Daga ƙasashe ake zuwa kallon abin a jiharmu. Littafina na Yamai bai san da shi ba.

Sauran na bi su da sauri. A makon dabbobi kowa ya gina jar akuyar Maraɗi da laka, muka kuma yi labarin raƙuman dawa 8 da aka ɗauko daga Kure a 2018 aka kai dajin Gadabeji, arewa da Dakoro. A makon ruwa muka fara daga tabkin bayan gari, da gargaɗin nutsewa da tsargiya, muka bi ta Gulbin Kaba da ya fi zama a bushe, muka gangara Gulbin Maraɗi da ke shigowa daga wajen Katsina ya sake komawa Najeriya ya faɗa Rima, daga nan Kwara, daga nan teku. Hotunan teku na bara sun yi amfani a ƙarshe, don yaran sun iso wurin da ƙafafunsu.

Da Hausa muka yi komai, sai a ƙarshen zama a ɗauki kalmomi kaɗan na Faransanci a kan abin da aka riga aka gane, tunda da shi za su tarar da jarrabawa. Wannan ba sabon abu ba ne a Nijar: tun 1973 aka fara makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida, kuma a Maris 2025 kundin da ke tafiyar da mulkin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama na aiki.

Amma ba Hausawa kaɗai ke ƙasar Kornaka ba, kuma a nan sabon tsarin ma ya gaza. Ƴaƴan Fulani da na Buzaye makiyaya ba su zo ba. Da shuka ta fito dole dabbobi su bar ƙasar noma, sai a bi burtali a yi arewa, a haye kwarin Tarka zuwa ƙasar kiwo da dokar 1961 ta shata wa iyaka, ba a dawowa sai an kwashe amfanin gona. Lokacin da ya yi wa uwayen gari daidai, su ba sa nan. Wannan karon ban rubuta komai a kwali ba. Na sami matan da ke kawo nono kasuwa, Gwaggo tana yi mini iso, na tambaye su. Suka ce in da gaske nake in zo da rani, bakin rijiya, bayan an gama shayarwa, kuma in zo da mai jin Fulatanci. Da rani kuwa ina aji a Maraɗi. Akwai wani malami Bafulatani da ya yi ritaya a Dakoro wanda ya ce zai iya, in an samu mai ɗauke masa kuɗin man babur, kuma maganar tana gaban ƙungiyar ƴan gari.